Lungun Mage a Cikin Bangon Majami'a

Zuwa ga Maigida, Baban Ummi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa irin wadda ta kamaci mace ga mijinta, ina fatan wannan takarda ta iske ka cikin sauƙi, gwargwadon sauƙin da Allah ya hukunta maka a wannan gadon. Mu nan Mayahi lafiya lau. Damina ta yi nisa, gero ya fara fidda kai. Inna, mahaifiyarka, tana can Caki, ƙafar nan ce dai ke damun ta. Ɗiyarka Ummi tana gaishe ka.

Na sani ba za ka karanta ba. Lawali, abokinka da kuka ƙetara teku tare, ya yi mini alkawarin zai zauna gefen gadonka ranar hutunsa ya karanta maka ita daga farko har ƙarshe, ko ka ji ko ba ka ji ba. Na kuma ajiye ta nan inda jama'a ke gani, don na gaji da tambaya guda a kasuwa, a lakwal inda nake koyarwa, a gidan suna: ya mai jiki? Na gaji da cewa da sauƙi. Wanda ke son sanin gaskiya, ga ta nan.

Ka tuna Gidan Amumune? Can aka fara tura ni koyarwa. Ina cikin ajin da aka kewaye da zana, kai kuma kana cikin maginan da aka kawo su gina mana aji na siminti. Kullum sai ka tsaya da cokalin gini a hannu kana sauraron yara suna maimaita Faransanci bayana. Wata rana ka ce mini, "Malama, ni ma a sa ni cikin ajin nan, amma can baya, kada yara su yi mini dariya." Kafin a yi wa sabon ajin rufi magabatanka sun je gidanmu.

Bayan an haifi Ummi aikin gini ya yi ƙaranci, gona kuma ta daina cika rumbu. Ka tafi Aljeriya kamar yadda mazan Caki ke tafiya, da niyyar ka dawo kafin shuka. Daga can hanya ta ja ka har Faransa. Ba zan maimaita wahalar shekarun farko ba, ka fi ni sanin ta, ni abin da ka ga dama ka faɗa mini kaɗai na sani. Da takardunka suka fito, ka samu aiki wurin masu gyaran tsofaffin gine-ginen dutse, tare da Lawali, sai na yi zaton mun haye.

Ranar da ka ce an kai ku gyaran wata tsohuwar majami'a, ni na kai wa Inna labari. Tana ɓarar gyaɗa ta ce, "Duk gine-ginen ƙasar nan, sai ɗakin ibadar wasu?" Na kunna mata muryarka a waya, kana dariya kana cewa, "Inna, dutse nike gyara, ban sake addini ba. Mai ɗinkin tufa ai ba ya tambayar inda za a sa rigar." Ba ta gamsu ba sai da ta tambayi malamin unguwarsu, ya ce tunda sallarka na nan, a bar ka ka nemi halalinka. Daga nan ba ta ƙara magana ba, sai dai kullum ta ce in gaya maka ka riƙa duban inda kake taka ƙafa.

A wannan aikin ne ka fara aiko mini hotuna masu motsi. Kai ka ɗauka lokacin hutun rana, ni in kalla ƙarƙashin itacen bedin lakwal bayan an tashi yara. Na farko, ka tsaya tsakiyar majami'ar ka ɗaga waya sama a hankali. Ginshiƙai, bakan gizo bisa bakan gizo, tagogi masu launi, har sai da na ji jiri ina zaune a ƙasa. Ka ce, "Kin ga, daga nan kamar bango ne kawai. Amma cikin bangon nan akwai hanyoyi, mutum na iya zagaye ginin duka daga sama ba tare da ya taka ƙasa ba. Kowace hanya kuma da sunanta."

Sunayen nan suka zama hirarmu. Kai ka ji su a bakin shugaban aikinku, ka faɗa mini yadda kunnenka ya kama, ni in koma gida in buɗe ƙamus in karanta maka yadda ake rubuta su da abin da suke nufi. Kai kana da abin, ni ina da harafin. Tun da muka yi aure ban san lokacin da muka yi kusa da juna kamar lokacin nan da teku ke tsakaninmu ba.

Na farko shi ne wanda ka kira tiribin, ni kuma na ce maka tribune ake rubutawa. Bene ne mai faɗi da ke bisa gefen majami'ar, yana buɗe ta ciki, mutum ya tsaya bakinsa ya leƙa jama'a a ƙasa. Ka ce a da can mutane kan hau su tsaya idan ƙasa ta cika, akwai kuma wani bisa ƙofar shiga inda aka girke babban abin kiɗansu mai bututuwa. Ka raɗa masa suna benen jama'a. A nan kake shimfiɗa buhun siminti ka yi azahar, tunda babu mai hawa sai ku. Ka ba ni labarin ranar da tsohon limamin majami'ar ya hau duba aiki ya iske ka cikin sujada. Ya tsaya daga bakin matakala har ka sallame, sannan ya wuce ta bayanka. Washegari ka iske an share wurin, an ajiye maka ɗan tsohon kafet a naɗe. Wannan labarin na kai wa Inna da ƙafata, ta ce, "Kowace ƙasa da mutanen kirkinta."

Sai jube. Wannan ya ba ka dariya, ka ce sunan kamar na wata tsohuwa mai sayar da daddawa a kasuwar Tasawa. Wata gada ce ta dutse da aka gitta tsakiyar majami'ar daga wannan gefe zuwa wancan, da matakala a kowane ɓangare, mai karatu ya hau ya karanta wa jama'a daga sama don kowa ya ji. Ka ce yawancin majami'u sun rushe nasu tuntuni, wannan ce ta rage da nata, shi ya sa ake lallaɓa shi kamar ƙwai. Gadar karatu ka sa masa, ka ce da ni ta dace, in hau in yi ta faɗa yara na maimaitawa.

Akwai kuma kursib, hanyar da ke bin gindin tagogin sama ta waje, inda ruwan sama ke gangarawa. Wannan kana son ta don daga can ana ganin gari duka da gonakinsu. Ka taɓa juya wayar ka nuna mini, ka ce, "Dubi koren ƙasa, Malama. Amma wallahi ba gero ko ƙwaya ɗaya." Ita tana da 'yar katanga ta dutse da ta kai ƙugu. Na tuna na tambaye ka, ka buga ta da tafin hannu don in ji ƙarfinta.

Na ƙarshe shi ne tiriforiyom. Sai da muka yi kwanaki kafin harshenka ya iya shi. Na rubuta maka triforium, na raba maka shi gaɓa-gaɓa kamar yadda nake yi wa 'yan ajin farko. Kai kuwa ka ce ba ka da lokacin wannan dogon suna, lungun mage za ka riƙa ce masa.

Ka shiga da ni ciki sau ɗaya. Lungu ne da aka bari cikin kaurin bango, sama da manyan bakunan gizo, ƙasa da tagogin sama. Ba shi da faɗin da mutum zai tafi gaba gaɗi, sai a karkace, kafaɗa ɗaya na gogar dutse. Ta ɓangaren cikin majami'ar ba katanga, sai 'yan siraran ginshiƙai jere, tsakaninsu fili. Ka leƙa da wayar ta tsakanin biyu daga cikinsu, na hango kujeru a ƙasa kamar ƙwayar wake, na hango Lawali yana kwaɓa ƙasar gini kamar tururuwa. Ina jin numfashinka. Ka ce, "Tiribin an yi shi don jama'a, wannan kuwa ba a yi shi don kowa ba. Don ado ne, da irinmu masu gyara." Ka nuna mini igiyar da ke ɗaure a ƙugunka, da ƙugiyoyin da aka kafa jikin bango. Ka nuna mini wurin da lungun ke ƙara matsewa idan ya zo ratsa babban ginshiƙi, inda dole ka kwance igiyar daga wannan ƙugiya ka maƙala ta a ta gaba. Na ce ka fito haka nan, ba na son gani. Ka yi dariya ka ce mage ba ta faɗuwa.

A lokacin ne ka sa aka fara ginin gidanmu a filin nan na bayan kasuwar dabbobi. Ka ce ba ka son bene irin na kowa, mai baranda tana kallon titi. Kana son baranda mai faɗi ta ciki, ta zagaye tsakar gida, in zauna sama ina gyaran takardun yara ina ganin Ummi a ƙasa, Inna kuma ta sha iska ba tare da kowa ya gan ta ba. Magininmu ya ce bai taɓa yin irinta ba, ka zana masa a bayan kwali ka ɗauki hoto ka aiko. Aka gama ɗakunan ƙasa, aka yi matakala. Saman ka ce a bari sai ka zo da kanka, da an gama aikin majami'ar za ka samu hutu.

Ina cikin aji wayar ta yi ƙara. Ba na ɗauka lokacin darasi, amma na ga sunan Lawali, wanda bai taɓa kira na ba sai da salla. Na fita bakin ƙofa. Ya ce, "Madam, ki yi haƙuri, ki yi ta Allah. Baban Ummi ya faɗo." Na ce daga ina? Ya ce, "Wani wuri ne can sama, ba za ki gane ba, tiriforiyom ake ce mai." Na ce na gane.

Ya ce kana ratsa ginshiƙin ne, ka kwance igiyar, ba ka kai ga maƙala ta ba, dutsen bakin lungun ya ɓalle ƙarƙashin ƙafarka. Dutsen da kuka zo gyarawa. Ya ce ba ka yi ƙara ba, shi ƙarar dutsen ya fara ji.

Maigida, da ban san kalmar nan ba, da abin da zan sani shi ne mijina ya faɗo daga gini a wata ƙasa, kamar yadda Inna ta sani. Amma ka shiga da ni. Na san kafaɗar da ke gogar bango, na san hannun da ke riƙe da igiyar, na san tazarar da ke tsakanin ginshiƙan nan biyu, na san yadda kujerun suke daga sama. Ina tsaye gaban allo da alli a hannu sai in gan ka kana karkacewa za ka wuce. Ina daka sai in gani. Na kai ƙamus ɗin lakwal na bar shi can, ban ƙara buɗe shi ba.

Ka daɗe ba ka farka ba. Da ka buɗe ido muka yi sadaka, Inna ta sa aka yanka akuyarta, muka ce sauran kaɗan. Daga nan aka shiga watanni, watanni suka zama abin da suka zama. Idonka a buɗe, amma ba ya bin kowa. Ba ka magana. Abinci ta roba ake ba ka. Likitocin sun yi wa Lawali bayani, ya kira ni ya sa ɗaya daga cikinsu ya maimaita mini da Faransanci don kada a ce shi ne bai fahimta ba. Kan ne ya bugu. Likitan ya ce kada in sa rai da abin da ya wuce haka. Ya faɗa a hankali, da ladabi, na kuma gode masa.

Mutane ba su bar mu da abin da ya dame mu ba. A gidan wani suna a Caki, wata mata ta ce da ta kusa da ita, yadda zan ji, wai wanda ya bar masallatan duniya ya je hawan ɗakin wasu, ai ya san abin da ya taka. Inna ce ta juyo, ba ta ko ɗaga murya ba, ta ce, "Ke, mijinki ba daga kan gawo ya faɗo ya karye ba, yana saran ma awaki ganye? Gawon ma majami'a ne?" Ta ɗauki sandarta muka fito. Tun ranar ba ta ƙara zuwa taron kowa ba.

Su kuwa mutanen majami'ar, Lawali ya ce ba su manta da kai ba. Tsohon limamin nan ya zo duba ka tun kana barci. Akwai wata tsohuwa mai shirya musu furanni, ita kan zo kowane mako ta zauna gefenka, ta shafa maka mai a hannu don kada fata ta tsage. Ba ta jin Hausa, kai ba ka jin komai, haka kuke zama. Ban san sunanta ba. Wata baƙuwa tana yi maka abin da ni ya kamata in yi, ina gode mata, kuma wani lokaci in na tuna sai in ji kamar in fasa ihu.

Na yi ƙoƙarin zuwa, kada ka zaci ban yi ba. Lokacin babban hutu na bar Ummi wurin Inna na hau mota zuwa Yamai da takardar asibiti da ta aurenmu. Na iske ofishin da ke ba da biza ba ya aiki, aka ce sai dai in tafi wata ƙasa in nema daga can, in zauna in jira, kuma babu tabbas. Na yi ta yawo daga wannan ƙofa zuwa waccan har aka kusa komawa lakwal. Na dawo da takarduna yadda na tafi da su.

Na ce to a maido ka gida. Likita ya ce jikinka na bukatar kulawar da ba a yankewa dare da rana. Na je asibitinmu na nan na tambaya, na je Maraɗi na tambaya, kowa ya faɗa mini gaskiya, ban kuma ga laifinsu ba. Idan aka kawo ka, za mu gan ka, amma ba za ka daɗe ba. Idan aka bar ka, za ka daɗe, amma ba za mu gan ka ba. Aka ce ni da Inna mu zaɓa. Har yau ba mu zaɓa ba, rashin zaɓin kuma shi ne ya bar ka can.

Mun tare a ɗakunan ƙasa na sabon gidan, don na kasa riƙe haya. Matakalar na nan, tana hawa ta ƙare a sarari, ƙarafa sun miƙe sama suna tsatsa. Awakin maƙwabta sun mai da ita wurin wasa. Wata rana na dawo daga aiki na hango Ummi zaune a can ƙarshenta, ƙafafu na reto, wai tana duban ta inda jirginka zai ɓullo. Ban san lokacin da na jefar da jakata ba. Na sauko da ita, na doke ta, abin da ban taɓa yi ba, sannan muka zauna muka yi kuka tare. Washegari na kira magini ya toshe bakin matakalar da bulo. Ka yafe mini, na san ba haka ka zana ba.

Akwai maganar da ba na son ka ji daga bakin wani. Yaya Mamman, babban wana, ya zo daga Kona ya same ni. Bai yi faɗa ba. Ya zauna bisa tabarma ya daɗe yana juya hularsa, sannan ya ce, "Ƙanwata, ba a zaman aure da hoto. Ke yarinya ce, shari'a kuma ta ba ki hanya. Ba mu ce yau ba, amma ki yi tunani." Ya ce ya yi magana da kawunanka, ba su ƙi ba. Na ce ya bar ni sai bayan kaka. Na faɗa ne kawai don ya tashi. Ga gero ya fidda kai, kaka na tafe, ban kuma san abin da zan ce masa ba. Ba na son kowa. Ba na son komai. Amma ban san yadda ake jiran mutumin da ba ya hanya ba.

Sai abin da ya faru makon jiya, wanda shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Wata mai jinya ta ce da Lawali wani lokaci irinku kan motsa idan suka ji muryar gida. Muka shirya, na hau kabu-kabu zuwa Caki bayan la'asar don Inna ma ta gan ka. Muka zauna a ɗakinta, Lawali ya kira, ya juya wayar. Ka rame, Maigida. An aske maka gemu. Idonka na kallon wani wuri sama da wayar. Inna ta yi maka sannu, ta yi maka addu'a, ni ma na gaishe ka, na ba ka labarin Ummi da na gona. Ba ka motsa ba.

Sai mai jinyar ta matso ta ce da Faransanci, ba labari za mu ba ka ba, sunanka za mu kira. Sunan yanka, da ƙarfi, yadda ake kiran ka a gida. Ta ce mahaifiyarka ta fara. Na fassara wa Inna.

Ka san kai ne ɗan farinta. Tun da ta haife ka bakinta bai taɓa kama sunanka ba, yaron nan take cewa, ko mai ginin nan, ko da kana da furfura haka za ta ce. Ta dube ni, ta dubi wayar. Ta buɗe baki, na ga leɓenta na motsi, ba abin da ya fito. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta lalubi sandarta, ta fita.

Saura ni. Ni ma ka sani, ko ranar da na je awon cikin Ummi aka tambaye ni sunan miji, karɓar alƙalami na yi na rubuta. Mai jinyar na jira, ba ta san abin da take nema a wurinmu ba. Lawali ya kau da kai don ya rage mini kunya. Na riƙe wayar da hannu biyu na ce, Isuhu.

Ban taɓa jin sunan nan da muryata ba. Na sake faɗa da ƙarfi. Na faɗa har muryata ta dushe, ban damu da wanda ke ji a tsakar gida ba. Hannunka na dama ya ɗaga ya fara shafa ƙarfen gefen gado a hankali, kamar mai lalube jikin bango. Na ce Lawali ka gani? Ya ce, "Madam, haka yake yi kullum, ko ba kowa a ɗakin." Mai jinyar ta ce a bari haka, ka gaji. Aka kashe wayar.

Na fito neman Inna. Ba ta madafa, ba ta wurin awaki. Na zaga bayan gida, sai na hango ta zaune a ƙasa bayan rumbu, ta jingina da shi, sandar a yashe gefe. Ba ta gan ni ba. Tana magana ƙasa-ƙasa, da irin muryar da ake tashin yaro da ita ranar shuka. Tana cewa, "Isuhu. Isuhu. Tashi haka nan, rana ta yi." Babu waya a hannunta, babu kowa sai kara da kaji. Na koma da baya a hankali, na bar ta. Har na baro Caki ba mu yi maganar ba.

Maigida, na daina roƙon ka dawo da ƙafarka, Allah ya gafarta mini idan hakan gazawa ce. Abin da nake roƙo yanzu kaɗan ne. Allah ya sa ba ka jin zafi. Allah ya sa inda hankalinka yake akwai faɗi da haske, ba matsi. Allah ya sa wannan kwanciya ta zame maka kankarar zunubi, ya rubuta maka ladan kowace salla da ka yi a can sama kai kaɗai. Allah ya saka wa duk hannun da ya juya ka, ya goge maka baki, ko na wane ne. Idan rayuwa ce alheri gare ka, Allah ya raya ka. Idan kuwa tafiya ce, Allah ya sa a samu Musulmi kusa da zai juya fuskarka alƙibla ya faɗa maka kalmar shahada a kunne, tunda ni hannuna bai kai ba. Allah ya ba Inna haƙuri, ya raya Ummi, ni kuma ya nuna mini abin da zan yi. Amin.

Ka huta lafiya, Isuhu.

Matarka har yau,
Maman Ummi,
Mayahi.